Aikin leza ko tabarau: amsa ga wani matashi a Tawa

Tambayar ta zo mini daga wani matashi ɗan shekara 23 a Tawa, wanda bai daɗe da gama jami'a ba. Tun yana kwaleji yake sa tabarau don ba ya ganin allo daga bayan aji. Cikin shekaru uku da suka wuce sau uku ana canza masa tabarau, kowane zuwa lambar tana ƙaruwa, musamman ta idon hagu, kuma ko da sabon da aka yanka masa idon nan bai karanta ƙananan haruffan allon gwaji ba. Idanunsa suna ƙaiƙayi tun yana yaro, abin ya fi tsanani in zafi ya shigo. Ya gwada lanti, wato ɗan gilashin nan da ake liƙawa a kan ƙwayar ido, wata biyu ya bari saboda ja da raɗaɗi. Yanzu yayansa da ke Abijan ya ce zai biya masa kuɗin aikin leza, wato gyaran ido da na'urar haske mai ƙarfi, a Tunis. Yana so ya sani ko aikin gaskiya ne, ko zai raba shi da tabarau har abada, ko kuma yana makantarwa kamar yadda wasu suka tsorata shi.

Ƙanena, Allah ya saka wa yayanka da alheri, ya ƙara masa buɗi. Aikin gaskiya ne, miliyoyin mutane sun yi shi a duniya, kuma mafi yawansu sun gode Allah. Amma kada ka yanki tikiti tukuna. Akwai abubuwa a cikin bayaninka da suka sa na karanta shi sau biyu: ƙaiƙayin nan na tun ƙuruciya, lambar da ta ƙi tsayawa, da idon hagu da tabarau ya kasa kai shi inda ya kamata. Duk likitan ido da ya ga waɗannan a haɗe, abu ɗaya zai faɗo masa a rai, kuma zan zo kansa. Bari in fara nuna maka abin da leza take yi, don sai ka gane shi za ka gane dalilin tsorona.

A gaban idonka akwai wani ɓawo garai-garai da ya rufe baƙin ido kamar yadda gilashi yake rufe fuskar agogo. Mu likitoci muna kiran shi korniya. Shi ne yake yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tanƙwara haske don ya haɗu daidai a shimfiɗar bayan ido, wato retina, inda hoto yake fita. Sauran kashi ɗayan aikin madubin cikin ido ne, wanda yanar ido take kamawa in an tsufa. Mai irin matsalarka, yawanci ƙwayar idonsa ta ɗan fi tsawo, sai hasken ya haɗu kafin ya isa retina, abin nesa ya zama dishi-dishi. Tabarau yana gyara hanyar hasken daga waje. Leza kuwa sassaƙa korniyar kanta take yi, ta rage mata tudu a tsakiya, kamar yadda masassaƙi yake rage itace har ya zauna daidai. Abin da aka sassaƙe ya tafi ke nan, ba ya tsirowa, ba a kuma mayar da shi.

Ba sabon abu ba ne. Wani likita ɗan Sifaniya da ya zauna a Bogota ta Kolombiya, José Barraquer, yana cikin waɗanda suka fara gyara gani ta hanyar canza siffar korniya, tun kafin a san leza a wannan aiki. A farkon shekarun 1980 masu bincike a kamfanin IBM a Amurka suka gano cewa wata leza mai suna ekzima tana iya ɗauke nama siriri ba tare da ta ƙona na gefensa ba. A 1988 likita Marguerite McDonald ta yi aikin a kan idon mutum mai gani, a 1990 kuma Ioannis Pallikaris na Girka ya fito da salon da aka fi sani yau, LASIK. Lezar da ake yanka da ita yanzu maimakon wuƙa ta samu ne daga binciken Bafaranshe Gérard Mourou da Donna Strickland ta Kanada, wanda ya kai su ga lambar Nobel a 2018. Na kawo wannan ne don ka san an yi fiye da shekara talatin ana bin waɗanda aka yi wa aikin, an san alherinsa, an kuma san wanda yake cutarwa.

A LASIK ana ɗaga wani ɗan marfi siriri daga saman korniya, a sassaƙa ƙarƙashinsa, a mayar da shi ya kwanta ba ɗinki. Da maganin ɗigawa ake kashe zafin, mutum yana farke, lezar kanta ba ta cika wuce minti ɗaya a kowane ido ba, washegari yawanci an fara gani tar. Sai dai marfin nan ba ya komawa ƙarfinsa na asali, ko bayan shekaru bugu mai tsanani yana iya gusar da shi. Shi ya sa ɗan kokowa ko soja ko wanda sana'arsa take da haɗarin bugun fuska nake karkata shi zuwa PRK. A PRK ba marfi: ana goge fatar sama ne kawai, a sassaƙa, a sa lanti na kariya kwana huɗu zuwa biyar har fatar ta sake rufewa. Akwai raɗaɗi na gaske kwana biyu ko uku, ganin kuma yana ɗaukar makonni kafin ya zauna, amma ya fi barin korniya da kauri. Na ukun shi ne SMILE, inda leza take yanka ɗan faifai a cikin naman korniya a zaro shi ta ƙaramar kafa. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2016. Masu talla za su ce maka sabon ya fi tsohon. A hannun gwani, kuma a idon da ya dace, sakamakon ukun kusa yake da juna.

Yanzu ga lissafin da komai ya rataya a kansa. Kaurin korniya a tsakiya kamar rabin milimita ne, wajen mikiron 540 a matsakaici, mikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. An kuma daɗe da tabbatar da cewa mu baƙar fata korniyarmu ta ɗan fi ta Turawa siranta a matsakaici, don haka lissafin ya fi matse mu. Marfin LASIK yana cin wajen mikiron 110. Kowace lamba ɗaya ta tabarau da za a cire tana cin mikiron 12 zuwa 15. Abin da ya rage a ƙasa shi ne ginshiƙin da yake riƙe ido, kuma ba a yarda ya gaza 250 ba, da yawa daga cikinmu ma ba ma son ya gaza 300. Ɗauki mai kauri 520 da lamba 4: a cire 110, a cire kamar 55, saura 355, lafiya lau. Ɗauki mai kauri 480 da lamba 8: a cire 110, a cire wani 110, saura 260. Wannan yana bakin rami. Ido kuwa a cike yake da ruwa mai turo korniya daga ciki dare da rana, kamar iskar da ke cikin taya. In ginshiƙin ya yi rauni, sai korniyar ta fara ɓullowa gaba sannu a hankali.

Akwai kuma mutanen da korniyarsu tana da wannan raunin tun kafin kowa ya taɓa ta. Ciwon sunansa keratokon. Korniya tana sirancewa tana tsini kamar kan malfa, yawanci daga ɗan ƙasan tsakiya. Yana farawa ne a shekarun balaga, ya ci gaba har wajen shekara talatin da wani abu, kuma sau da yawa ido ɗaya yana riga ɗayan. Mai shi zai ga lambar tabarau tana hawa, musamman lambar nan ta biyu da ake rubutawa a cikin baka a ordonans, wato takardar da likita yake rubuta lambar tabarau, wadda ke gyara karkacewar ido, kusurwarta ma tana canzawa daga gwaji zuwa gwaji. Fitilar mota da dare sai ta fito da wutsiya ko ta rabu biyu. A ƙarshe a kai inda duk gilashin da aka ɗora masa ba ya kai shi 10/10, wato cikakken gani a allon gwaji. Babban abin da aka san yana tura wannan ciwo gaba shi ne murza ido. Likitan ido na Faris Damien Gatinel yana cikin waɗanda suka fi nanata wannan, har yana ganin murzar ce tushen ciwon.

Wa yake murza ido fiye da yaron Sahel? Ka dubi yaran unguwarku a watan Afrilu da Mayu. Za ka ga waɗanda farin idonsu ya koma ruwan ƙasa, da wani zobe mai kauri a gefen baƙin, hannu kullum a ido, ba sa son rana. Iyaye su ce ƙura ce, ko ya gaji jan ido ne. Ciwon ƙyamar jiki ne, wato alaji, mai tashi da zafi da ƙura, kuma yaron da ya shekara goma yana murza ido da gaɓoɓin yatsu safe da yamma, yana cikin waɗanda muke samu da keratokon in sun girma. Ban ce kana da shi ba, ƙanena, ban duba idonka ba. Akwai wasu dalilan da ke sa lamba ta yi ta canzawa: gwajin da aka yi cikin gaggawa, tabarau da aka yanka ba daidai ba, ciwon suga, ko kuma kawai idon bai gama girma ba, don wasu sai sun kai 25 lambarsu take tsayawa. Amma labarinka ya yi kama da na masu keratokon sosai, kuma LASIK a kan irin wannan korniya shi ne abin da Hausawa suke cewa garin neman gira a rasa ido.

Na taɓa ganin haka da idona, kuma har yau abin yana damuna. Wani saurayi ne da aka yi wa LASIK a waje, ya dawo da murna, shekara ɗaya da wani abu yana gani ba tabarau. Daga nan ganin ya fara komawa baya. Da ya zo wurina a Yamai tabarau ya daina yi masa amfani a ido ɗaya. Na tambaye shi takardun gwajin da aka yi masa kafin aiki, ba a ba shi ko ɗaya ba. Ya ce da safe aka duba shi, da la'asar aka yi aikin, kwana uku ya hau jirgi. Da na tambaye shi ƙaiƙayi, ya ce tun yana firamare. Mutumin da a da tabarau na ƴan jikkuna yake wadatar da shi, yanzu sai lanti mai tauri da ake yi masa odarsa daga waje.

Don haka abu na farko da kake buƙata taswirar korniya ce. Na'ura ce da take ɗaukar hoton tudu da kwarin korniya, gaba da baya, ta auna kaurinta a kowane wuri, ta fito da shi a takarda mai launuka. Ba zafi, ba a taɓa idon, minti kaɗan ne. Ita ce take kama keratokon tun bai nuna kansa a gwajin tabarau ba. Duk wurin da ya ce zai yi maka leza bai yi wannan taswira ba, ko ya yi bai zauna ya nuna maka ba, ka ɗauki jakarka ka fita, ko da kuɗin jirgi ya riga ya tafi.

In taswirar ta nuna keratokon, kada ka ɗauka duniya ta ƙare, kuma kuɗin yayanka sun sami wurin da ya fi dacewa da su. Akwai aikin ƙarfafa korniya da aka ƙirƙiro a Dresden ta Jamus, aka fitar da sakamakonsa na farko a 2003: ana jiƙa korniya da sinadarin bitamin B2, a haska mata wani haske na musamman, zaruruwan namanta su ƙara sarƙewa da juna. Ba ya raba mutum da tabarau, amma yana tsayar da ciwon a yawancin waɗanda aka yi wa, kuma ya fi amfani in an yi shi da wuri, a irin shekarunka. Wanda aka bari har abin ya yi nisa, ƙarshensa dashen korniya ne, mu kuwa a nan samun korniyar dashe ba ƙaramin aiki ba ne.

Ko me taswirar ta nuna, daga yau ka daina murza ido. Na san faɗa ya fi yi sauƙi. In ƙaiƙayin ya taso ka jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi ka ɗora a kan ido a rufe. Akwai magungunan ɗigawa na ƙyamar jiki da za a iya daɗewa ana sawa ba illa, likita zai rubuta maka. Abin da nake roƙonka da girman Allah ka guje masa shi ne ɗan kwalbar nan da masu tallan magani suke bayarwa, wadda ɗigo ɗaya yake sa ido ya yi fari ƙal ƙaiƙayi ya ɗauke. Yawancinsu akwai kotizon a ciki, irin su dekzametazon. In aka daɗe ana sawa ba mai auna ido, yana ta da hawan jinin ido, yana kawo yanar ido tun mutum yana yaro. In ka taɓa amfani da shi, ka kawo kwalbar a gani.

To, mu ce Allah ya sa korniyarka lafiya take, mai kauri, lambar kuma ta tsaya cak shekara guda cur, wanda shi ne ƙaramin sharaɗi. Me za ka samu? Ga masu lamba ƙarama zuwa matsakaiciya, fiye da 90 cikin 100 suna kai 10/10 ba tabarau. Makanta gaba ɗaya daga wannan aiki abu ne mai wuyar aukuwa ƙwarai, don haka waɗanda suka tsorata ka sun ƙara gishiri. Amma akwai ƙananan damuwoyi da ba a cika faɗa ba. Hukumar magunguna ta Amurka ta yi bincike tare da ma'aikatar tsaron ƙasar, sakamakon ya fito a 2017: cikin waɗanda ba su da wata damuwar gani kafin LASIK, kusan rabi sun ce bayan wata uku suna ganin wani abu sabo, kamar zobe ko tartsatsi a kewayen fitila da dare, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda ba su da bushewar ido sun fara jin ta. Waɗanda abin ya hana su harkokinsu ba su kai 1 cikin 100 ba, sauran kuma mafi yawa sun gamsu. Ga wanda yake tuƙa moto da dare a hanyar da ba fitilun titi, motoci suna dallare shi, wannan zoben abin tunani ne.

Bushewar ido kuwa ita ce inda ƙasarmu ta bambanta da inda aka yi waɗannan binciken. Yankan marfi yana datse ƙananan jijiyoyin da ke gaya wa ido ya zubo hawaye, kuma sai sun yi watanni kafin su farfaɗo. Yawancin mutane suna samun sauƙi cikin wata uku zuwa shida, wasu ya fi haka. Ka auna wannan da iskar Tawa a watan Janairu, lokacin da leɓe yake tsagewa, hazo ya rufe gari, ko da zafin Afrilu da ya haura digiri 40 ga fanka tana hura fuska duk dare. Wanda idonsa ya riga ya bushe, ko amodari ya taɓa bar masa tabo a cikin fatar ido, ko ƙyamar jikinsa tana tashe, sai an yi maganin wannan tukuna kafin a yi zancen leza. Ni in ɗan'uwana ne zai yi, zan sa ya tsara tafiyar ta faɗo tsakiyar damina zuwa kaka, daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da ƙura ta kwanta iska tana da laima. Wanda aka yi wa PRK kuma dole ya riƙe baƙin tabarau mai tare hasken rana na watanni, don rana mai ƙarfi tana ƙara haɗarin korniya ta yi hazo wajen warkewa.

Maganar har abada kuwa, a'a. Sassaƙar tana nan, ko da yake wasu, musamman masu babbar lamba, kaɗan daga cikin lambar yana dawowa da shekaru. Amma madubin cikin ido yana tsufa ko an yi leza ko ba a yi ba. Daga shekara arba'in da ƴan kai yana fara taurara, karatun kusa ya yi wuya, ka ga mutum yana miƙa waya nesa da fuska. Kai da ba ka ganin nesa kana da wata ƴar riba a nan: in ka kai wannan shekarun, cire tabarau kawai za ka yi ka karanta Alƙur'ani ko saƙon waya. Leza tana ɗauke wannan ribar, sai ka nemi tabarau na karatu kamar kowa. A shekarunka, abin da aikin yake saya maka shi ne wajen shekara ashirin na rayuwa ba tare da tabarau ba, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya kai 40 da lamba 2 kuwa, sau da yawa nakan ce masa ya bar idonsa yadda yake. Sannan leza ba ta rage tsawon ƙwayar ido. Mai babbar lamba yana nan da haɗarin yagewar retina ko ya jefar da tabarau, don haka walƙiya a gefen ido ko baƙaƙen ɗigo da suka ƙaru farat ɗaya, ranar ake zuwa asibiti.

Abin da ya fi ba ni wahala da masu zuwa waje shi ne bayan aiki. Likitocin Tunis da Kasabalanka da Alƙahira da Istambul akwai gwanaye a cikinsu, na'urorinsu kuma na zamani ne. Amma aikin ba ya ƙarewa ranar da aka tashi daga gado. Ana duba ido washegari, a sake bayan mako, a sake bayan wata, a sake bayan wata uku. Kumburin ƙarƙashin marfi da shigar ƙwayar cuta a kwanakin farko suke bayyana, in an gan su da wuri magani ya isa, in an yi jinkiri su bar tabo. Wasu kuma maganin kotizon da ake ba su bayan aiki yana ta da musu hawan jinin ido ba su sani ba. Kada ka yarda ka baro garin kafin mako ɗaya, in PRK ne har sai an cire lantin kariya an ga fatar ta rufe. Kafin ka tafi ka riga ka san likitan da zai karɓe ka a nan. Tawa zuwa Yamai tafiyar yini ce a mota, ka sa wannan a lissafi, ka kuma tambaye su tun farko: in lambar ba ta fita duka ba aka buƙaci gyara bayan wata uku, wa zai biya, ban da kuɗin jirgi na biyu? A makon farko ba a son ruwa ya shiga idon, don haka ka tambayi malaminka tun kafin tafiya yadda za ka yi da wanke fuska a alwala. Kwalli da iyo a tafki da hawa moto ba kariya duk a dakata.

Kuma ka dawo da takardu: taswirar kafin aiki, lambar tabarau ta ƙarshe, kaurin korniya, da rahoton yawan abin da aka cire. Ka ɗauki hotonsu ka ajiye a wurare biyu. Ga dalili. Bayan an sirantar da korniya, na'urar auna hawan jinin ido tana ba da lamba ƙasa da gaskiya. Mu baƙar fata kuwa wannan ciwon ya fi kama mu, ya fi kama mu da wuri, kuma ba ya ciwo har sai ya cinye gani. Likitan da bai san an yi maka leza ba zai iya auna ka ya ce lafiya lau alhali jijiyar ido tana mutuwa. Haka nan ranar da yanar ido ta zo, a shekara sittin ko saba'in, lissafin madubin roba da za a sa maka yana rikicewa a idon da aka sassaƙa, tsofaffin takardun nan suna taimaka wa wanda zai yi aikin.

Lanti da ka bari, ban ga laifinka ba. Ido mai ƙyamar jiki ba ya shiri da shi, ga ƙura da ke shiga ƙarƙashinsa. Babban haɗarinsa a wurinmu ruwa ne. Akwai wata ƙwayar halitta mai suna akantamiba da ke zaune a ruwan famfo da na rijiya da na randa, in ta maƙale tsakanin lanti da korniya tana yin gyambon da maganinsa yake ɗaukar watanni. Mutumin da yake wanke fuska sau biyar a yini da lanti a ido, ko yake kwana da shi, yana wasa da wannan. Wanda ya shekara goma yana sa lanti cikin sakaci, haɗarin da ya tara zai iya fin na aikin leza sau ɗaya a idon da ya dace. Ban da mai keratokon da tabarau ya kasa, wanda shi lanti mai tauri magani ne gare shi, ba na ƙarfafa wa mutanenmu gwiwa a kansa.

Tabarau kuma, kada kowa ya ce maka yana cinye ido ko shi ya sa lambarka take hawa. Ba ya ƙara ta, ba ya rage ta. In nauyi da kauri ne suka dame ka, akwai gilashi mai sirantaka da ake yankawa yanzu. In gogewa ce, yawanci daga share shi da bakin riga ne alhali ƙura tana kai. Ka zuba masa ruwa tukuna kafin ka goge. Masu lambar da ta fi ƙarfin leza ma akwai madubin da ake dasa musu a cikin ido ba tare da an sassaƙa korniya ba, amma wannan shiga cikin ido ne, hukuncinsa daban.

Ga abin da za ka yi yanzu. Ka tattara duk ordonans ɗin tabarau da aka taɓa rubuta maka, har da tsofaffin tabarau ɗin in suna nan, don ana iya karanta lambarsu a na'ura a ga yadda abin ya tafi shekara bayan shekara. Ka fara zuwa sashen ido na babban asibitin Tawa a auna hawan jinin idon, a juya fatar ido a duba cikinta, a fara maganin ƙaiƙayin, sannan ka nemi su tura ka inda za a yi maka taswira. Kada ka sa lanti ko na yini ɗaya cikin mako biyu kafin gwajin, don yana danne korniya ya ɓata hoton. Ranar gwajin za a ɗiga maka maganin buɗe ido don a ga retina a kuma sami lambar gaskiya, ganinka zai dushe na wasu awoyi, don haka kada ka zo a kan moto kai kaɗai. Ka tambayi mahaifiyarka ko akwai wani a dangi da ganinsa ya lalace tun yana saurayi, in kuma kana da ƙanne masu murza ido, ka taho da su a duba su tare da kai. Yayanka kuma ka ce masa ya riƙe kuɗin a hannunsa har takardar taswira ta fito, sannan a san ko na leza ne ko na ƙarfafa korniya.